Jinyar kyanwa mai ciwon daji, tun daga ranar farko har zuwa ranar rabuwa

Abu na farko da zan roƙe ka, in kyanwarka ta fara ramewa ko wani ƙari ya fito mata ya ƙi tafiya, dan Allah kar ka sa ta a buhu ka ba yaro ya kai ta bola ko bakin kogi ya yar. Ana yi a Kaduna, a Tudun Wada ana yi, a Rigasa ana yi, har a manyan gidajen Malali da Unguwar Rimi ana yi, sai ka ji mutum ya ce ai kyanwa ce za ta nemi abincinta da kanta. Wace kyanwar? Wadda ta shekara goma tana cin abin da ka zuba mata, yanzu ga ciwo a jiki, ko ƙadangare ba za ta iya kamawa ba, ƙishirwa ce da ƙudaje da jifan yara za su ƙarasa ta a hankali. Duk mun san hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Toh wadda ba ta da ƙarfin nema fa, ka sake ta ina?

Wahalar jinyar mage ita ce ba ta nuna ciwo. Kare zai yi ta kuka yana ɗingishi kowa ya gani, ita kuwa sai ta shige ƙarƙashin gado ko bayan buhunan sito ta yi tsit, haka aka halicce ta, ɓoye rauni take yi. Shi ya sa yawancin mutane sai abu ya yi nisa suke lura. Kuma shi ya sa duk jinyar nan idonka ne zai yi aikin, kai ne za ka riƙa aunawa ko tana cikin sauƙi ko tana cikin azaba, don ita ba za ta faɗa maka ba.

Kafin komai sai an tabbatar daji ne, don ba kowane ƙari ne daji ba. Muzuru in ya yi faɗa da wani, cizon kan rufe ya tara mugunya ya kumbura, wannan fasawa ake yi a wanke a ba da magani ya warke. Rama ma haka, ciwon ƙoda na sa ta, ciwon suga na sa ta, tsutsar ciki da ciwon haƙori duk suna sa ta, kuma wasu daga cikinsu ana samun sauƙinsu sosai. Saboda haka likitan dabbobi za ka nema, na gaske mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, ba mai shagon sayar da maganin kaji da awaki ba. Akwai likitoci a cikin garin Kaduna na gwamnati da masu zaman kansu, ka dai tambaya tukuna ko yana duba kyanwa da kare, don da yawansu aikinsu ya fi karkata kan shanu da kaji. In abin na buƙatar hoto ko tiyata ko a yanki ɗan nama a duba a lab, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru Zariya na nan, tafiyar kamar kilomita 80 ce. Ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huhhuda, ka shimfiɗa mata tsohon zanen da ta saba kwanciya a kai, ka ajiye ta kusa da kai, banda but ɗin mota. Kyanwa a hannu cikin keke ko tasha, ƙarar hon ɗaya ta ishe ta ta fizge ta gudu, kuma da wuya ka sake ganinta.

Dajin da ya fi kama kyanwa shi ne wanda likitoci ke kira limfoma, yawanci a hanji yake zama, sai ka ga amai da gudawa da rama a hankali a hankali, wani lokacin kuma a ƙirji yake sai numfashi ya yi mata wuya. Yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta ta kyanwoyi, FeLV, da suke ɗauka a tsakaninsu ta yawu, wajen lasar juna da cin abinci a kwano ɗaya. Mutum ba ya ɗauka. Shi ma dajin kansa ba ya tsallakawa daga kyanwa zuwa mutum, kar wani ya tsorata ka da cewa yara za su kwasa. Akwai kuma dajin fata da ke kama farar kyanwa a bakin kunne da hanci da fatar ido saboda rana, yana farawa da ɗan ɓawon gyambo da ba ya warkewa, in an kama shi da wuri a yanke gefen kunnen sau da yawa shikenan an rabu da shi. Irinsa na fitowa a cikin baki, ƙarƙashin harshe, wannan kam mugu ne, alamarsa dalalar yawu, warin baki, abinci na faɗowa in tana tauna.

Sai na nono, wanda nake so mata masu kyanwa a ɗaki su fi lura da shi. Kyanwa na da nono 8, huɗu kowane gefe, in ta kwanta tana miƙa ki shafa cikinta daga hammata har matsematsi, in kin ji wani abu mai tauri kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fata kar ki ce bari mu gani. A kyanwa kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na ƙarin nono mugun daji ne, kuma girmansa ranar da aka cire shi ne ke nuna inda aka dosa: wanda bai kai santimita 2 ba da yawa suna yin shekaru bayan aiki, wanda ya haura santimita 3 kuwa galibi watanni ne, da wuya a haura shekara. Kafin a yi aikin ki nemi a ɗauki hoton ƙirji, saboda wannan dajin huhu yake bi, in ya riga ya kai can toh yanka ta ƙarin wahala ne kawai. Sannan masu yi wa kyanwa allurar tsarin iyali ta mutane don kar ta yi ta haihuwa, ku daina, irin waɗannan sinadaran suna cikin abubuwan da ke jawo ƙarin nono.

In sakamako ya fito, kar ka bar gaban likita sai ka tambaye shi ƙarara: wane iri ne, ya bazu ko bai bazu ba, maganin da za a yi na warkewa ne ko na rage raɗaɗi, nawa zai ci daga farko har ƙarshe ba kuɗin yau kaɗai ba, in ba a yi komai ba me zai faru kuma nan da yaushe. Ka karɓi lambarsa ka tambaye shi ko ana iya kiransa da dare. Kar ka ji kunyar maganar kuɗi, kowa ya san halin da ake ciki, gara ka faɗa masa iya ƙarfinka ya tsara maka abin da za ka iya kaiwa ƙarshe da a fara magani mai tsada a tsaya a tsakiya. Wanda bai iya biyan tiyata ba amma ya tsaya ya hana kyanwarsa jin zafi har ƙarshe, a wajena ya sauke nauyin da ke kansa.

Maganar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kyanwa na jure shi fiye da mutum don ba a ba ta da yawa irin na mutane, gashinta ba ya zubewa sai dai ko gashin baki. Wani nau'in limfoma na hanji mai tafiyar hawainiya, da ƙwayoyi biyu kawai ake riƙe shi, Prednisolone da Chlorambucil, kuma da yawa suna kai shekara 2 ko fiye cikin walwala. Mai saurin kuwa in Prednisolone kaɗai aka ba ta, sauƙin na 'yan makonni ne zuwa wata ɗaya ko biyu, amma sauƙi ne na gaske, za ta ci abinci ta fito tsakar gida. In an ba ka ƙwayar kemo ka kai gida, sa safar hannu kafin ka taɓa, kar ka fasa ta kar ka daka ta, mai ciki da mai shayarwa kar su taɓa ƙwayar kuma kar su kwashe kashin kyanwar. Chlorambucil a firji ake ajiye shi, da yanayin wutarmu sai ka tanadi kula mai ƙanƙara a ciki ko ka kai ajiya gidan da ke da sola. Shi kuma Prednisolone ba a yanke shi rana ɗaya in an daɗe ana sha, a hankali likita ke rage shi.

Yanzu ga inda aka fi kashe kyanwoyi da kyakkyawar niyya. Kar ka ba ta Panadol. Kar ka ba ta ko wane irin farasitamol, ko na yara ne na ruwa, ko rabin ƙwaya, ko kwata. Hantar kyanwa ba ta da abin da ke narka shi, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta isa ta kashe ta, jininta ne zai kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, tana haki har rai ya yi halinsa. Ibuprofen da Diclofenac da asfirin su kuma ƙoda da ciki suke lalatawa. Mai kemis na unguwa zai iya ce maka ba komai ka rage mata kawai, ba da mugunta yake faɗa ba, maganin mutane ya sani. Akwai magungunan raɗaɗi da suka dace da kyanwa, irin su Buprenorphine da Gabapentin da Meloxicam, amma likita ne zai auna da nauyinta, kuma Meloxicam ba a haɗa shi da Prednisolone, ba a kuma ba kyanwar da jikinta ya bushe ko ƙodarta ta taɓu. Jiƙe-jiƙe da tafarnuwa da man wannan da man wancan da za a yi ta kawo maka shawara, ka yi godiya ka ajiye, tafarnuwa da albasa fasa mata ƙwayoyin jini suke yi.

Ba ta ƙwaya ma sai da dabara. Naɗe ta da tawul ka bar kai kawai a waje, ka zaunar da ita a cinyarka bayanta na jikinka, hannu ɗaya ya riƙe kan ta sama ya ɗaga shi kaɗan, za ka ga haɓar ta saki da kanta, sai ka danna ta ƙasa da yatsa ka jefa ƙwayar can ƙarshen harshe ka rufe bakin ka shafa maƙogwaro. In ta lashi hancinta toh ta haɗiye. Bi ta da ɗan ruwa a sirinji marar allura ta gefen baki don kar ƙwayar ta maƙale a hanya. In kullum sai an yi kokawa har ta fara gudunka in ta ji motsinka, faɗa wa likita a canza zuwa na ruwa ko allura, don bai kamata kwanakinta na ƙarshe su zama na tsoronka ba.

Abinci shi ne rabin jinyar. Kyanwa ba ta jure yunwa, in ta yi kwana biyu uku ba ta ci ba kitse na fara taruwa a hantarta, musamman mai jiki, sai wani ciwon ya hau kan wani, saboda haka in ta wuni ta kwana ba ta sa komai a baki ba kira likita, kar ka jira. A wannan halin ba a maganar wane abinci ya fi gina jiki, wanda za ta yarda ta ci shi ne mai kyau. Dafa mata tsokar kaza ko kifi da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba albasa ba yaji, ka cire ƙaya tsaf, ka marmasa da romon. Dafaffen ƙwai, 'yar hanta kaɗan ba kullum ba, kifin gwangwani in an tsiyaye man, ko abincin kyanwa na gwangwani da ake samu a manyan kantuna. Ɗumama shi ya yi ɗumin jiki, da hanci kyanwa ke cin abinci, in ƙamshi ya tashi sai ka ga ta ɗago kai. Zuba kaɗan a faranti mai faɗi, sau biyar sau shida a rana, in ta ƙi ka ɗauke bayan ɗan lokaci kar ya kwana a gabanta. Wata ba za ta ci a faranti ba amma in ka lakato a yatsa ka kai mata za ta lasa, wata sai kana shafa bayanta. In ka ga ta zo ta sunsuna ta kau da kai tana lasar leɓe tana haɗiyar yawu, yunwa na nan, tashin zuciya ne ya hana ta, kuma akwai maganinsa, akwai na buɗe ciki ma irin Mirtazapine, tambayi likita. Ɗura da sirinji kuwa a yi shi da lura, kaɗan kaɗan ta gefen baki, in tana turjewa tana shaƙewa a bari, abinci na iya faɗawa huhu. Madara ba abincin marar lafiya ba ce, yawancin manyan kyanwoyi gudawa take sa su. Ɗanyen nama ma a dakata da shi tunda garkuwar jikinta ta yi rauni.

Ruwa, kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar wajen mililita 200 a rana har da wanda ke cikin abinci, bai kai rabin ledar fiya wata ba. Ajiye mata a wuri biyu uku kusa da makwancinta. Ka riƙa taɓa dasashinta, in da santsi lafiya, in ya yi danƙo ya bushe tana buƙatar ƙarin ruwa, kuma likita zai iya yi mata ta ƙarƙashin fata, har ya koya maka ka riƙa yi a gida. Ka kuma riƙa auna ta duk mako: hau sikeli da ita a hannu, sauka ka hau kai kaɗai, ka cire. Rubuta a takarda, ido na sabawa da rama har ya daina gani.

Makwancinta ya zama a ƙasa inda ba sai ta yi tsalle ba, wuri mai shiru da yara ba sa bi ta kai. Bahon yashin da take kashi da fitsari a ciki ya zama marar zurfi kuma kusa, tsohon tire ma ya yi, in ta yi fitsari a shimfiɗa kar a daka mata tsawa, kasawa ta yi. Lokacin hunturu ramammiyar kyanwa sanyi na shigarta sosai, a ƙara mata tsumma, ko gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane. Watan Maris da Afrilu kuma ɗakin da ya fi sanyi za a ba ta, kan tayil ko siminti. A rage turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a ɗakin da take, a fitar da ita in za a fesa flit, mai shan taba ya sha a waje. Kar a wanke mata ciwo da Dettol ko Izal kuma kar a goge inda take kwanciya da su, guba ne gare ta tunda duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe.

In ƙari ya fashe ya zama gyambo, nan ne ake gane mai haƙuri. Zai yi wari, zai riƙa tsattsafo da ruwa. Wanke shi safe da yamma da ruwan gishirin asibiti ko tafasasshen ruwa da ya huce da ɗan gishiri kaɗan, da auduga, dannawa a hankali ba gogewa ba, ka yanke hannun tsohuwar rigar sanyi ko rigar jariri ka sa mata ta rufe wurin don kar ta yi ta lasa. Babban abokin gaba ƙuda ne, musamman da damina, yini ɗaya ya isa ya yi ƙwai tsutsa ta fito. Kar ta kwana a waje, in da hali sa mata gidan sauro na jarirai. Kuma da yake ta daina gyara jikinta, ɗauki tsumma mai ɗumi ka goge mata fuska da ƙasan wutsiya, za ka ga yadda take lumshe ido.

Toh ta yaya za ka san tana jin zafi? Dubi fuskarta daga ɗan nesa lokacin da ba ta san kana kallo ba. Masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada sun fitar da ma'auni a 2019 da ke duba abu biyar: kunnuwa sun baje gefe sun kwanta, idanu a tsuke, baki ya ɗaure, gashin baki ya miƙe ya yo gaba, kai ya sauka ƙasa da kafaɗa. Ƙara da zaman tsugune, ƙafafu a ƙarƙashin ciki baya a gantsare sama, ba ta kwanciya ta miƙe yadda ta saba. Wannan gurnanin da take yi a maƙogwaro kar ya ruɗe ka, kyanwa na yin sa in tana jin daɗi, tana kuma yin sa in tana cikin ciwo. Ƙirga numfashinta tana barci, ɗagawar ƙirji da saukarsa ɗaya kenan, lafiyayyiya ba ta cika wuce 30 a minti ba. In ya haura 40 tana kwance, ko ta buɗe baki tana haki, wannan ba na jira zuwa gobe ba ne. Haka in dasashi ya yi fari fat, ko tana farfaɗiya, ko ta wuni ta kwana ba fitsari, ko ta kasa tashi.

Samu kalanda ka rataye. Kowane dare ka yi alama, yau rana mai kyau ce ko marar kyau. Mai kyau ita ce ta ci da kanta, ta sha, ta je bahonta, ta yi ko da abu ɗaya cikin abubuwan da ka san tana so, ko fitowa hantsi ne, ko zuwa ta zauna a gefen darduma in ana salla, ko tarbarka a ƙofa. Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'aunin abu bakwai da ake ba kowanne maki har zuwa 10: zafi, ci, sha, tsafta, walwala, motsi, da ko ranaku masu kyau sun fi marasa kyau yawa, in jimla ta haura 35 ana ganin rayuwar da sauran daɗi. Amfanin rubutawa shi ne zuciya na yaudarar mai jinya, rana ɗaya da ta ɗan ci kifi sai ta mantar da kai kwana shida da ta yi a ƙarƙashin gado. Kuma tun tana da sauran ƙarfi ku zauna da mutanen gida da likita ku yanke iyaka, misali in ta daina ci duk da magani, ko numfashi ya fara gagara, ko maganin raɗaɗi ya daina aiki, toh mun kai. Shawarar da aka yanke da rana cikin natsuwa ta fi wadda za a yanke ƙarfe biyun dare kyanwa na shure-shure ba likitan da za a samu.

Maganar allurar hutawa, wato allurar da likita ke yi wa dabba ta mutu ba tare da azaba ba, tana da nauyi a wajenmu, kuma ya kamata ta yi nauyi, rai ne. Malamai sun yi saɓani a kai, akwai waɗanda suka hana suka ce a bar ta har ajalinta, akwai kuma waɗanda suka halatta a hutar da dabbar da aka fid da rai da ita tana shan azaba, kuma cikin malaman Malikiyya akwai masu wannan fahimtar. Je ka sami malamin da ka natsu da shi, ko fastonka in kai Kirista ne, ka faɗa masa ainihin abin da likita ya ce, ba a taƙaice ba. Ni dai abin da na gamsu da shi, in magani ya ƙare kuma abin da ya rage mata zafi ne da haki, hutar da ita ta hannun likita tausayi ne. Mutane na zaton za ta yi barci ne kawai ta wuce, wani lokacin haka ne, amma dajin da ya kama huhu ko ya toshe hanji ko baki ba ya barin dabba ta tafi cikin sauƙi. In kuma zuciyarka ta tsaya kan a bar ta har lokacinta, ban ga laifinka ba, sai dai ka san ka ɗauki alkawari: maganin raɗaɗi ba fashi har ranar ƙarshe, a riƙa juya ta, a jiƙa mata baki da auduga, a canza shimfiɗa, kar a bar ta ita kaɗai a bayan gida. Abin da babu shi ko kaɗan shi ne a ce za a gama da ita a gida da shinkafar ɓera ko fiya-fiya ko a nutsar da ita a ruwa, wannan azaba ce tsantsa.

Yadda ake yi a hannun likita, da farko allurar barci ce, cikin 'yan mintuna jikinta zai saki a hannunka. Sai a yi ta biyu a jijiya, maganin sa barci ne mai ƙarfi da ake bayarwa fiye da kima, ƙwaƙwalwa ce ke fara yin barci mai nauyi sannan numfashi da zuciya su tsaya, yawanci cikin minti ɗaya ko biyu. Likita zai sa abin sauraro a ƙirji ya tabbatar. Ka sani tun yanzu don kar ka firgita: idonta ba zai rufe ba, tana iya jan dogon numfashi sau ɗaya ko biyu, ko tsoka ta motsa, ko fitsari ya zubo, duk jiki ne ke saki, ita ba ta jin komai a lokacin. Tambayi likita ko zai zo gida, ya fi mata sauƙi da a ɗauke ta a mota. Biya kuɗin tun kafin a fara. In za ka iya tsayawa ka tsaya, hannunka a kanta kana mata magana yadda ka saba, in ba za ka iya ba wani na gida da ta sani ya tsaya.

Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, ba ta da lafiya sosai, magani ya kasa, ta mutu. Kar a ce musu ta gudu, za su yi ta leƙen kan katanga suna kiran sunanta, kar kuma a ce likita ya sa ta barci, ƙaramin yaro zai iya tsoron barci ko allura. In sun yi kuka a bar su, kai ma in ya zo maka ka yi, masu cewa kyanwa ce fa ba su ne suka yi shekaru tana kwana a ƙafarsu ba.

Naɗe ta a tsohon zane ka haƙa rami mai zurfi, ya kai mita ɗaya, nesa da rijiya da hanyar ruwa, ka danne da dutse ko bulo. Zurfin na da dalili, maganin allurar na nan a jikinta, kare ko ungulu ko wata kyanwar da ta ci naman ita ma zai iya kashe ta, don haka jefawa a bola ko kwata bai taso ba. Ragowar magunguna, musamman na kemo da na raɗaɗi, a mayar wa likita. In FeLV ne ya jawo ciwon, wanke kwanuka da baho da sabulu da ruwan bilic, ka kai sauran kyanwoyin gidan a gwada su kafin ka kawo wata sabuwa. In kuma ta bar 'ya'ya mata, ka yi magana da likita a cire musu mahaifa kafin su kai wata 6, yin hakan na rage haɗarin dajin nono da kusan kashi 90 cikin 100.